Kusu Ba Iri Ɗaya Ba Ne, Cutarsa Ma Haka

   

Maganarmu ta yau ta taso ne daga wani saƙo da wata 'yar uwa ta aiko mana daga Matsinkai, can yankin Bagudo, kusa da iyakarmu da Jamhuriyar Benin. Da yake ba ta fita, ƙaninta ta ba saƙon ya turo mana ta waya. Ta ce ta ji ana zancen wata cuta wai ita "hanta" wadda kusu ke kawowa. Ita kuma ga surukarta ta daɗe tana fama da ciwon hanta. Ga buhunan shinkafar maigida a ɗakinta aka jibge su tun da aka yi girbi, da dare ya yi sai ta ji kusa suna tsere a bayan buhu. Ga ta kuma da juna biyu, wata bakwai. Tambayoyinta uku ne. Shin kusu ne ya sa wa surukarta ciwo? Shin wannan cuta ita ce zazzaɓin Lassa aka sauya mata suna? Sannan ita me ya kamata ta yi?

'Yar uwa, kin yi tambaya mai amfani, kuma ba ke kaɗai amsar za ta amfana ba. Mu nan ƙasar Kabi kusu muke cewa, mutanen Kano su ce ɓera. Duk wanda kika ji na ambata, abu ɗaya nake nufi.

Hantar da ba ta cikin ciki ba

Bari in fara kwantar miki da hankali game da surukarki. Ciwon hanta da muka sani, wanda kan sa ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, hanyarsa daban. Wani nau'insa ta jini ake ɗauka, ko ta aska da allura da aka yi wa wani amfani da su, ko uwa ta ba jariri wajen haihuwa. Wani nau'in kuma ta gurɓataccen ruwa da abinci. A kai ta asibiti a auna jininta, domin a san wane iri ne.

Ita kuwa cutar da kika ji ana faɗa, sunan ne kawai ya yi karo da Hausarmu. An samo shi daga wani kogi da ake kira Hantan a ƙasar Koriya. Lokacin yaƙin Koriya, tsakanin 1950 da 1953, sojoji fiye da 3,000 na rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya sun kwanta da wani irin zazzaɓi mai sa zubar jini da lalata ƙoda. Likitoci suka yi ta bincike, aka kwashe shekaru fiye da 20 ba a gano mafarinsa ba. Sai a 1976 wani likita ɗan Koriya mai suna Ho Wang Lee ya gano ƙwayar cutar a jikin wani kusun gona mai baƙin zane a gadon baya, wanda aka kama a kusa da wannan kogi. Daga nan aka raɗa mata sunan kogin, kuma duk danginta da aka gano daga baya aka riƙa kiran su da wannan suna.

Ƙwayar tana cikin irin waɗanda ake kira bairos. Ƙanƙantarta ta wuce misali. Madubin da ake duba ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da shi a asibiti ba ya iya ganin ta. Kuma ki riƙe wannan: maganin zazzaɓin sauro ba ya kashe ta, kafso ma ba ya kashe ta.

Yadda masana ke gane dangi

Za ki ce, abin da ido ba ya gani, ta ƙaƙa aka san wai yana da dangi da zuriya? To, saurara.

Kowace ƙwayar bairos tana ɗauke da wani dogon rubutu a cikinta, wanda masana ke kira ƙwayoyin gado. Haruffa 4 kacal aka yi rubutun da su, ana ta jujjuya su. Na cutar hanta ya kai haruffa wajen 12,000, kuma a yanki 3 yake: babba, matsakaici da ƙarami. Duk lokacin da ƙwayar za ta hayayyafa, sai ta kwafi wannan rubutu. Wajen kwafar kuma ba a rasa ɗan kuskure.

Ke da kike ɗinkin hula kin fi kowa sanin wannan. Kin karɓi zane daga maƙwabciyarki, kin kwafa, amma hannunki ya ɗan karkata a wani gida. Ƙanwarki ta kwafa daga naki, ita ma ta ƙara nata. Bayan shekaru, zanen da ke unguwarku ya bambanta da na wancan gari, ko da yake asalinsu ɗaya. Gwanar ɗinki kuwa da ta ɗaga hular za ta ce miki wannan daga gidan su wance ta fito. Haka masana ke yi. Suna da na'urar da ke karanta rubutun nan, sai su jera na wannan ƙwaya kusa da na waccan. Waɗanda rubutunsu ya yi kusa da juna, 'yan ɗaki ɗaya ne. Waɗanda ya yi nisa, dangi ne na nesa. Da haka suke zana bishiyar zuriya, kamar yadda tsohuwa ke lissafa miki wa ya haifi wa.

Da aka zana wannan bishiya, sai aka ga wani abin mamaki. Kusan kowace ƙwaya tana da nata irin kusun da take zama a jikinsa. Shi kusun ba ya nuna alamar ciwo, yana harkarsa lafiya lau, amma yana zubar da ƙwayar a fitsarinsa da kashinsa da miyansa na tsawon watanni.

Manyan gidaje biyu

Masana sun kasa waɗanda ke kama mutane gida biyu, gwargwadon inda suke da kuma sashen jikin da suka fi yi wa illa.

Gida na farko su ne na nahiyar Asiya da Turai. Waɗannan ƙoda suke kamawa. Mutum ya fara da zazzaɓi da ciwon kai da ciwon baya, daga baya fitsari ya ragu ko ya tsaya. A cikinsu akwai ita Hantan ɗin, wadda kan kashe mutum 5 zuwa 15 a cikin 100 da suka kamu. Akwai Puumala, wadda aka raɗa wa sunan wani gari a ƙasar Finland. Ita mai sauƙi ce, wanda take kashewa bai kai mutum 1 cikin 100 ba. Akwai kuma Seoul, mai sunan babban birnin Koriya ta Kudu. Wannan ta fita daban, domin a jikin ƙaton ɓeran nan na kwata take zama. Shi kuwa wannan ɓera jiragen ruwa sun daɗe da yaɗa shi a biranen duniya, ya tafi da cutarsa duk inda ya sauka.

Gida na biyu su ne na nahiyar Amurka. Waɗannan huhu da zuciya suke kamawa, kuma sun fi kisa. A 1993 aka gano su, lokacin da matasa majiya ƙarfi suka riƙa mutuwa da sarƙewar numfashi a kudu maso yammacin Amurka, a yankin wata ƙabila da ake kira Nabaho. Ki saurari dalilin, domin ya shafe mu. An yi shekaru ana fari, sai aka sami ruwa mai yawa, itatuwa suka yi 'ya'ya, ciyawa ta yi tsaba. Abinci ya wadata, kusan daji suka hayayyafa ninkin-ba-ninkin, suka fara shiga gidaje da ɗakunan ajiya. Ƙwayar da aka gano a nan aka sa mata suna Sin Nombre, wato "marar suna" da harshen Sifaniyanci. Tana kashe wajen mutum 1 a cikin kowane 3 da suka kamu.

A wannan gida akwai wata mai suna Andes, a ƙasashen Ajantina da Chile. Ita ce aka tabbatar tana iya tsallakawa daga mutum zuwa mutum. A ƙarshen 2018 zuwa farkon 2019 ta kama mutum 34 a wani ƙaramin gari a Ajantina, 11 suka rasu. Sauran danginta kuwa daga kusu ake ɗaukar su, galibi ta hanyar shaƙar ƙurar da ta haɗu da busasshen fitsari ko kashinsa.

Mu a Afirka fa? An daɗe ba a kama ƙwayar a nahiyarmu ba. Sai a 2006 masana suka ba da sanarwar gano ta farko a jikin wani kusun kurmi a ƙasar Gini, suka sa mata sunan ƙauyen da aka kama shi, wato Sangassou. A 2007 aka sami wata a jikin jaɓa, a Ginin dai. Ita jaɓa, duk da kamarta da kusu, ba danginsa ba ce. A 2012 kuma aka samu a jikin jemagu a Saliyo da Kwaddibuwa. Da aka auna jinin mutane a Gini, an ga alamar cewa wasu sun taɓa kamuwa. Ashe dai zuriyar ta fi yadda aka zata faɗi, kuma tana nan a Afirka ta Yamma.

Wadda ke bakin ƙofarmu

Yanzu ga amsar tambayarki ta biyu. Cutar hanta da zazzaɓin Lassa ba abu ɗaya ba ne. Gidansu daban, rubutun gadonsu daban. Na Lassa yanki 2 ne, na hanta 3. Abin da ya haɗa su shi ne kusu. Kuma in gaya miki gaskiya, 'yar uwa, a ƙasarmu Lassa ce ke kwantar da mutane tana kashewa duk shekara. Ita ya kamata ki fi sani.

An fara gano ta a 1969 a garin Lassa, a Jihar Borno ta yanzu, bayan ta kashe wasu mata ma'aikatan jinya biyu. A 1970 ta ɓulla a Jos. A farkon shekarun 1970, bayan wata ɓarkewa a Saliyo, aka gano mai ɗauke da ita: wani kusu da ake kira mai yawan nonuwa. Macen kan yi nonuwa har 24, kuma haihuwa ɗaya takan zuba 'ya'ya 10 ko fiye. Yana zama a gona, yana zama a gida. Da damina yana daji. In an yi girbi, aka kwashe amfanin gona, aka sa wa daji wuta, sai ya biyo hatsi zuwa cikin gida. Shi ya sa cutar ta fi tashi daga watan Disamba zuwa Afrilu.

Ita ma Lassa da masana suka karanta rubutunta, sai suka ga zuriya-zuriya ce, har 7 ake lissafawa:

Ta 1, ita ce ta garin Lassa, a arewa maso gabashin Nijeriya.
Ta 2, a kudancin Nijeriya, wajen su Edo da Ondo da Ebonyi.
Ta 3, a tsakiya da arewacin Nijeriya, wajen su Filato da Bauchi da Nasarawa.
Ta 4, a Gini da Saliyo da Laberiya.
Ta 5, a Mali da Kwaddibuwa.
Ta 6, an same ta a jikin wani kusun kurmi a kudu maso yammacin Nijeriya.
Ta 7, a Togo da Jamhuriyar Benin.

Kin lura yawancinsu a ƙasarmu suke? Wani bincike da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa a Nijeriya cutar ta samo asali, fiye da shekara 1,000 da suka wuce, daga baya ta yi yamma. Kin lura kuma kowace zuriya da yankinta? Masana sun ga cewa manyan koguna, Kwara da Binuwai, su ne suka zama kamar katanga. Kusu ba ya tsallake babban kogi da ƙafarsa, saboda haka na wannan gaɓa da na waccan suka daɗe a rabe, ƙwayar da ke jikinsu ta yi ta sauyawa kowace ta kama gabanta. Kamar dai yadda Hausar Sakkwato ta bambanta da ta Kano, alhali duk Hausa ce. Bambancin wata zuriya da wata yakan kai harafi 1 a cikin kowane 4.

Ku da ke bakin iyaka kuna da ƙarin dalilin kula. A 2014 cutar ta ɓulla a Tanguiéta, a arewacin Benin, ta kashe har da ma'aikatan asibiti. A 2016 ta sake tashi a yankin Borgu na Benin, wajen Tchaourou. Da aka karanta ƙwayoyin da aka samu a jikin majinyata a Benin, an ga zuriya ta 7, an kuma ga ta 2, irin ta kudancin Nijeriya. Jiharmu ta Kebbi ma tana cikin jihohin da aka tabbatar an sami cutar a 2019. Mutanen Tsamiya da Segbana, mutanen Lolo da Malanville, kasuwa ɗaya suke ci, auratayya suke yi, buhun masara da garin rogo suna shiga suna fita. Kusun da ba zai iya ninkaya ba yana iya laɓewa a cikin kaya, a kwale-kwale ko a mota. Majinyaci ma yakan tsallako neman magani ko ya koma gida wajen dangi. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Amfanin sanin zuriya

Wata za ta ce, to mu ina ruwanmu da lambar zuriya, ai ciwo ciwo ne. Akwai ruwanmu ta hanya uku.

Na ɗaya, awon jini. Na'urar asibiti wani yanki na rubutun nan take nema. In an tsara ta don zuriya ɗaya kawai, wata zuriyar na iya kuɓuce mata, a ce mutum ba shi da cutar alhali yana da ita. Dole a san duk zuriyoyin kafin a yi awon da zai kama su duka.

Na biyu, rigakafi. Har yanzu babu allurar rigakafin Lassa da aka amince a yi wa jama'a. Akwai wadda aka fara gwajinta a kan mutane a Abuja a 2024. Wadda za ta amfane mu sai ta iya kare mutum daga zuriyoyi daban-daban.

Na uku, gane ta inda cuta ke shigowa. A 2018 masu kamuwa sun yi yawan da ba a saba gani ba a Nijeriya, aka shiga tsoron ko wata sabuwar ƙwaya ce ta fito mai saurin bin mutane. Masana, ciki har da na Jami'ar Redeemer's da ke Ede da na asibitin ƙwararru na Irrua a Jihar Edo, suka karanta ƙwayoyin majinyata. Suka ga tsofaffin zuriyoyin nan ne dai, kuma yawancin mutane kowa daga kusu ya ɗauka kai tsaye. Kin ga ma'anar wannan? Babbar ƙofar cutar tana wajen ajiyar abinci da madafi da tsakar gida. Wato wuraren da ke hannunki.

Alamomin da ba a wasa da su

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 80 cikin 100 da suka kamu da Lassa ba sa jin komai, ko kuma abin ya zo musu da sauƙi. Sauran 20 ɗin ne yake yi wa tsanani. Daga kamuwa zuwa bayyanar ciwo bai wuce kwana 21 ba. Yakan fara kamar zazzaɓin da muka saba: zafin jiki, kasala, ciwon kai. Sai ciwon maƙogwaro, ciwon ƙirji, amai, gudawa. In ya yi nisa, fuska ta kumbura, jini ya fito ta hanci ko dasashi ko ta gaba. Kada ki jira sai kin ga jini, domin da yawa ba sa zubar da shi ko kaɗan. A cikin waɗanda suka warke, wajen 1 cikin 4 kan sami raunin ji, wasu ya dawo, wasu ya zauna.

A 2020 Hukumar Daƙile Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Nijeriya, NCDC, ta tabbatar da mutum 1,189 sun kamu, 244 suka rasu. A farkon wannan shekarar cutar ta kashe likitoci biyu a Kano. Domin ita Lassa, ba kamar yawancin dangin hanta ba, tana bin jini da amai da fitsari da sauran ruwan jikin majinyaci ta kama mai jinya.

Ke mai juna biyu, a nan nake so ki buɗe kunne. Cutar ta fi tsanani ga mai tsohon ciki. A watanni ukun ƙarshe, a fiye da 80 cikin 100 na waɗanda suka kamu, akan rasa cikin, ko uwar, ko duka biyu. Ban faɗa don in tsorata ki ba. Na faɗa ne don kada ki yi kawaici da zazzaɓi. Akwai maganin da ake bayarwa a asibiti mai suna ribabirin, tare da ƙarin ruwa da kulawa, kuma an fi samun nasara in an fara da wuri, a cikin kwanakin farko.

Saboda haka ga ƙa'ida. Duk zazzaɓin da aka sha maganin sauro kwana 2 zuwa 3 bai sauka ba, asibiti ya kamata. Mai ciki kuwa kada ta jira ko kwana ɗaya. Na san ba kya fita sai da izini, kuma na san wata takan ji nauyin ta ce wa maigida a kai ta, kada a ce ta cika raki. Ki faɗa masa tun yau, kina lafiya, ku yi shawara: in zazzaɓi ya zo ba ya gida, wa zai kai ki, da wane abin hawa? Ya bar izini da ɗan kuɗin mota a hannun wani babba a gidan. In kun je, ki gaya wa ma'aikacin lafiya cewa akwai kusa a ɗakinki. NCDC tana da lambar da ake kira kyauta, 6232.

Aikin da ke hannunki

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kusu ba ya zama inda babu ci. Matakan nan kuma suna kare ki daga Lassa, suna kare ki daga dangin hanta, duk a lokaci ɗaya.

Hatsi ya bar ɗakin kwana. Ki roƙi maigida a mayar da buhunan nan rumbu ko wani ɗaki daban, a ɗora su a kan katako, kada su jingina da bango. Wanda ake ci yau da gobe, shinkafa ce ko gari ko wake, a zuba a duro ko bokiti mai murfi. Busasshen kifi, ƙuli-ƙuli, daddawa, kuka da kuɓewa, duk a rufe su a abin da haƙori ba ya hudawa. Faifai a bakin ƙwarya ba ya hana kusu.

Randa da tulu su kwana a rufe, moɗa a kife a wuri mai tsabta. Kwanukan tuwon dare a wanke su kafin a kwanta. In ba hali, a tara su a babbar roba a rufe. Tuwon da za a yi ɗumame da shi a rufe shi ruf, da safe a tafasa shi sosai, domin wuta tana kashe ƙwayar. Abin da kika ga kusu ya ɓantara, ko kika ga kashinsa a ciki, in ba dafa shi za a yi ba, ki haƙura da shi. Na san zubar da abinci da ciwo, amma kuɗin jinya ya fi shi.

Ki fi kula da abin da ake ci ba tare da ya sake hawa wuta ba: garin rogo da yara ke jiƙawa, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, fura. In za ki yi shanyar gumi ko tsaba, ki shimfiɗa tabarma ko leda mai tsabta, in da hali a kan wani abu mai tudu, kuma ki kwashe kafin magariba. Kada shanya ta kwana a waje. Mai sana'ar abinci da yara ke kai mata talla, ki tuna abin da ya fita daga gidanki gidaje da yawa yake shiga.

Sai shara. Mun saba da mun ga kashin kusu mu ɗauko tsintsiya mu share. To wannan ƙurar da ke tashi ita ake shaƙa. In za ki gyara ƙarƙashin gado, ko bayan jeren kwanuka, ko ɗakin da ya daɗe a rufe, ki fara buɗe ƙofa da taga iska ta shiga kamar rabin awa. Ki haɗa ruwan bilic, irin su Hypo ko Jik, gwangwani 1 da ruwa gwangwani 9. Ki yayyafa wurin ya jiƙe, ki bari minti 5, ki sa hannu a leda ki kwashe da tsumma. Ki rufe hanci da baki da ƙyalle. In kin gama, ki wanke hannu da sabulu. Mai ciki ta bar wa wani wannan aiki.

Mushen kusu ba a ɗaukarsa da hannu, kuma ba a aiken yaro ya jefar a bayan gida. A yayyafa masa ruwan bilic, a ɗauka da leda, a binne da zurfi ko a ƙona. Ramukan bango a toshe su da siminti ko laka mai tsakuwa, ƙasan ƙofa a buga masa gwangwani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Juji ya yi nisa da gida, ciyawar bayan katanga a nome ta. Tarko yana taimakawa, kyanwa ma haka. Shinkafar ɓera kuwa guba ce, ta sha kashe yara da kaji. In za a sa ta, babba ya sa, a inda hannun yaro ba ya kaiwa, kuma kada ta kusanci madafi.

Yaranmu maza da ke bin wutar daji suna farautar kusa da gafiya, ki ja musu kunne. Wajen kamawa da feɗewa jini da fitsarin dabbar ke taɓa hannu, ga cizo.

In da majinyaci a gida mai zazzaɓin da ya ƙi sauka, kafin a kai shi asibiti mutum ɗaya ya riƙa kula da shi, kuma kada ya zama mai ciki ce. A ware masa kofi da kwano. Amai ko jini ko fitsarinsa kada a taɓa da hannu tsirara. Iyayenmu unguwarzoma, in mai naƙuda tana da zazzaɓi mai zafi, wannan haihuwa ta asibiti ce. In kuma an tabbatar cutar ce ta yi ajalin mutum, a bar ma'aikatan lafiya su jagoranci suturarsa tare da malamai, domin gawar tana iya harbin mai wanka. Wanda ya warke kuma ɗan uwa ne, kada a guje shi. A bi shawarar da likita ya bayar game da shayarwa da zaman aure, shi ke nan.

'Yar uwarmu ta Matsinkai, ina fatan kin sami amsa. A kai surukarki awon jini. A fitar da buhunan nan daga ɗakinki a cikin makon nan, kuma ba ke za ki share bayansu ba. Ki ci gaba da zuwa awon ciki. Ke kuma da kika ji wannan bayani, ki isar wa abokiyar zamanki da maƙwabciyarki ta kan katanga, domin kusun da aka kora daga ɗakinki ɗakinta zai nufa, in can da abinci a buɗe gobe ya dawo.

Allah Ya sauke ki lafiya, Ya tsare mana iyalanmu. Sai mun sake haɗuwa a mako mai zuwa. Ku huta lafiya.